Gidan Tiyofilakt: Yadda zuriya ɗaya ta mai da kujerar Fafaroma kayan gado

A shekarar 954, wani basarake mai suna Alberik na Biyu ya kwanta ciwon ajali a birnin Rum. Shekara 22 ke nan yana riƙe da garin, babu mai ɗaga masa yatsa. Da ya ga alamar ba tashi, sai ya sa aka tara masa manyan gari a majami'ar Bitrus, ya ce su rantse masa cewa duk ranar da Fafaroman da ke kan kujera ya rasu, ɗansa Oktabiyan za su naɗa. Suka rantse. Fafaroma Agafitus na Biyu yana nan da ransa aka yi wa kujerarsa magaji. Shekara na zagayowa ya rasu, kuma a watan Disambar 955 saurayin da bai wuce shekara 18 ba ya zama shugaban Cocin Katolika da sunan Yohanna na 12.

Duk wanda ya kalli zaɓen watan Mayun 2025, inda kadinal 133 daga sassan duniya suka kulle kansu a ɗaki, suka fito da wani haifaffen Chicago a matsayin Fafaroma Leo na 14, zai yi mamakin jin cewa an taɓa yin zamanin da uba zai yi wa ɗansa wasiyyar wannan kujera kamar yadda ake wasiyyar gona. An yi kuwa. Kusan shekara 150, daga 904 zuwa 1048, in ka ɗebe wasu 'yan tsakani, gida ɗaya da rassansa ne ke cewa wane ya hau, wane ya sauka. Malaman Katolika da kansu ba su ɓoye wannan ba. Kadinal Baronius, wanda ya rubuta tarihin Coci a ƙarni na 16, shi ne ya laƙaba wa lokacin sunan "ƙarni mai duhu". Don haka mai karatu, Musulmi ne ko Kirista, kada ya ɗauki wannan sharhi a matsayin tonon silili. Abin da nake son mu duba shi ne yadda amanar jama'a ke rikiɗewa ta zama kayan gado, da kuma abin da ya ƙwato ta.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: an daɗe ana ɗora laifin wannan zamani a kan lalacewar wasu mutane, musamman mata biyu, alhali cutar tana cikin tsarin ne. Kujera ce mai dukiya da filaye da dakaru, amma babu tsayayyar doka a kan wanda zai zaɓi mai hawanta. Irin wannan kujera, ko a ina take, mai ƙarfin unguwa ne ke ɗauke ta.

Sai bango ya tsage

Tun shekarar 756, lokacin da Pepin sarkin Farankawa ya miƙa wa Fafaroma wasu yankuna na tsakiyar Italiya, bishof ɗin Rum ya zama malami kuma sarki. Yana da haraji, yana da gonaki, yana da muƙaman da zai raba. Zaɓensa kuwa, a al'adance, na limaman Rum ne da jama'ar gari. A aikace, "jama'ar gari" na nufin iyalan da ke da barori da makamai. Muddin daular Farankawa ta Shalman da 'ya'yansa na da ƙarfi, waɗannan iyalai suna ɗan jin tsoro. Da daular ta wargaje a 888, sarakunan Italiya suka kama yaƙi da juna, sai Rum ta zama marainiya.

Abin da ya faru a watan Janairun 897 ya isa misali. Fafaroma Istifanus na 6 ya sa aka tono gawar ɗaya daga cikin waɗanda suka gabace shi, Formosus, wata tara bayan rasuwarsa. Aka sa wa gawar tufafin Fafaroma, aka zaunar da ita a kujera, aka tsayar da wani ƙaramin limami a gefe yana amsa tambayoyi a madadinta. Kotu ta same ta da laifi, aka yanke yatsu uku na hannun dama da yake sa albarka da su, daga baya aka jefa ta a kogin Tiber. Ba a rufa shekara ba jama'a suka yi bore, aka kama Istifanus, aka shaƙe shi a kurkuku. Daga rasuwar Formosus a 896 zuwa 904, mutum takwas suka zauna a kujerar, har da wani Kiristofa wanda Coci ba ta ƙidaya shi. Wani kwana 15 ya yi, wani kwana 20.

A cikin wannan ruɗani ne Tiyofilakt ya ɗago kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin ya haɗa muƙamai biyu da bai kamata su haɗu a hannu ɗaya ba: shi ne ma'ajin fadar Fafaroma, shi ne kuma shugaban dakarun birni. Matarsa Tiyodora ita ma tana da sarautar kanta ta sanata. Da Sarjiyus na 3 ya hau a 904, ya hau ne da goyon bayan wannan gida, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A yi adalci, gidan ya kawo wani abin da Rum ta rasa, wato zaman lafiya. Sarjiyus ya yi shekara bakwai, Yohanna na 10 ya yi 14. A 915 kuma Yohanna na 10 da kansa ya fita fagen fama, tare da Alberik na Ɗaya na Spoleto, surukin Tiyofilakt, da wasu sarakunan kudancin Italiya, suka tarwatsa sansanin da mayaƙan Musulmi suka kafa a bakin kogin Garigliano, inda suka daɗe suna kai hare-hare. Talakan Rum da ya ga wannan ba zai tsaya tambayar wa ya naɗa Fafaroma ba. Ta haka ake sabawa da mulkin gida ɗaya: yana zuwa ne da maganin wata cuta ta gaske.

Maroziya da alƙalamin maƙiyi

Bayan rasuwar Tiyofilakt da matarsa, ragama ta koma hannun 'yarsu Maroziya. Ta yi aure uku, kowanne da lissafinsa: Alberik na Spoleto, sai Guido na Tuskani, sai Hugo sarkin Italiya. Da Yohanna na 10 ya fara neman 'yancin kansa, yana jingina da ɗan'uwansa Bitrus, Maroziya da mijinta Guido suka aika da dakaru fadar Fafaroma ta Lateran. Aka kashe Bitrus a gaban idonsa, shi kuma aka jefa shi a ganuwar Castel Sant'Angelo a 928, inda ya mutu. Bayan wasu Fafaroma biyu da suka ɗana kujerar na ɗan lokaci, a 931 Maroziya ta ɗora ɗanta na cikinta, Yohanna na 11, yana saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai.

A nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Yawancin labaran batsa da ake yaɗawa a kan Tiyodora da Maroziya sun fito ne daga alƙalamin mutum ɗaya, Liutprand bishof ɗin Kremona. Shi ne ya fi yayata cewa Yohanna na 11 ɗan Fafaroma Sarjiyus ne. Liutprand kuwa bafaden Otto ne, sarkin Jamus, wanda ya zo ya karɓe Rum daga hannun jikan Maroziya. Marubucin da ke cin tuwon Otto yana da dalilin nuna cewa Rumawa sun lalace har sai da Bajamushe ya zo ya cece su, kuma babu hanyar ɓata gida da ta fi a ce mata ne ke juya shi da kwalliya. Daga irin rubutunsa ne marubutan baya suka ƙirƙiro wa zamanin sunan "mulkin karuwai".

Ba na wanke Maroziya. Wadda ta sa aka kulle Fafaroma har ya mutu ba waliyyiya ba ce. Amma me ta yi wanda ubanta bai yi ba, ɗanta bai yi ba, mazan wani gidan Rum, Kiresenti, ba su yi ba bayanta? Ta yi amfani da aure, da kuɗi, da takobi, makaman kowane basarake na lokacin. Idan muka tsaya a kan cewa mace ce ta ɓata Coci, za mu rasa amsar wata tambaya mai sauƙi: me ya sa bayan an kawar da ita abin ya ci gaba har shekara 100 da ɗoriya?

Yadda aka kawar da ita ma abin ji ne. A 932 ta auri Hugo, wanda uwarsu ɗaya da marigayi mijinta Guido, auren da dokar Coci ta hana. Ana cikin shagali a Castel Sant'Angelo, in ji Liutprand, aka sa ɗanta Alberik na Biyu ya zuba wa ango ruwan wanke hannu. Yaron ya zuba da gatsali, Hugo ya kwaɗa masa mari. Alberik ya fita ya tara Rumawa, ya tuna musu cewa baƙo ne ke shirin hawa kansu. Kafin Hugo ya ankara an kewaye ganuwar, sai da igiya ya zurara ta bango ya tsere. Alberik ya kulle uwarsa, daga nan tarihi bai sake jin ɗuriyarta ba. Ɗan'uwansa Fafaroma kuma ya tsare shi a fada, ya bar masa sha'anin ibada kawai.

Mai ƙarfi na kirki da abin da ya bari

Alberik na Biyu shi ne hujja mafi ƙarfi ga masu ganin mulkin gida ɗaya ba laifi ba ne. Ya riƙe Rum daga 932 zuwa 954 cikin natsuwa. Fafaroma huɗu ya naɗa a jere, Leo na 7, Istifanus na 8, Marinus na 2 da Agafitus na 2, kuma galibinsu mutanen kirki ne masu kamun kai. Ya gayyato Odo, shugaban ruhubanawan Cluny da ke Faransa, ya zo ya gyara gidajen ruhubanawan Rum da suka lalace, har ya ba da gidansa na kan tudun Aventine aka mai da shi wurin ibada. A 951, da Otto ya nemi shigowa Rum a naɗa shi sarkin daula, Alberik ya hana, kuma hanin ya zauna.

To, ina aibin? Aibin shi ne duk wannan alheri ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Fafaroman da Alberik ya naɗa nagari ne don shi ya ga damar zaɓo nagari. Ranar da son ɗa ya rinjayi hankalinsa, babu wata doka ko majalisa da za ta ce masa a'a. Rantsuwar 954 ita ce 'yar manuniya: mutumin da ya yi shekara 22 yana gyara Coci shi ne ya miƙa ta ga yaro, don kawai jininsa ne.

Albasa kuwa ba ta yi halin ruwa ba. Yohanna na 12 ya haɗa rawani biyu, sarautar gari da shugabancin Coci, ya kasa riƙe ko ɗaya. Da Berengar sarkin Italiya ya matsa masa, sai ya kira Otton nan da ubansa ya hana shigowa, ya naɗa shi sarkin daula ranar 2 ga Fabrairun 962. Bai jima ba ya gane ya kira kura ta yi masa gadin akuya, ya fara ƙulla makirci da maƙiyan Otto. Otto ya dawo, ya tara majalisar bishof-bishof a 963. Tuhumar da aka karanta, kamar yadda Liutprand ya rubuta, ta haɗa da naɗa ɗan shekara 10 bishof a garin Todi, da naɗa ƙaramin limami a bargar dawaki, da kiran sunayen gumaka wajen caca. Aka tsige shi, aka ɗora Leo na 8, wanda ko limami bai zama ba kafin ranar. Otto na juya baya Yohanna ya dawo ya yi ramuwar gayya, sannan ya mutu a watan Mayun 964, bai kai shekara 30 ba.

A lura da abin da ya faru a nan. An tsige yaron da ubansa ya naɗa, an maye gurbinsa da mutumin da sarki ya naɗa. An gudu ba a tsira ba. Shekaru 50 da suka biyo baya ja-in-ja ne tsakanin sarakunan Jamus da wani gidan Rum, Kiresenti: idan sarki na gari, nasa ne Fafaroma, idan ya haye duwatsun Alps ya koma gida, Rumawa su kore shi su sa nasu. A 998 Otto na 3 ya fille kan Kiresentiyus a Castel Sant'Angelo, amma bayan 'yan shekaru ɗansa ne ke juya birnin.

Daga gado zuwa ciniki

A 1012 ragama ta dawo hannun sarakunan Tuskulum, wani gari a kan tudu, kimanin kilomita 25 kudu maso gabas da Rum, waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu ga zuriyar Tiyofilakt. Su ba su tsaya naɗa 'yan amshin shata ba, da kansu suka hau. Benedikt na 8, wanda sunansa na yanka ma Tiyofilakt ne, ya yi daga 1012 zuwa 1024. Jarumi ne kuma mai iya mulki: ya naɗa Henri na 2 sarkin daula a 1014, ya ƙarfafa wa biranen Pisa da Genoa gwiwa suka fitar da Mujahid, sarkin Daniya ta Andalus, daga tsibirin Sardiniya a 1016, ya kuma jagoranci majalisar Pavia a 1022 don tsawata wa limamai. Da ya rasu, ɗan'uwansa Romanus, wanda ke riƙe da mulkin gari kuma ba limami ba, aka bi da shi duk matakan limanci a rana ɗaya ya zama Yohanna na 19. Da shi ma ya rasu a 1032, ɗan'uwansu na uku, Alberik na 3, ya buɗe bakin jaka ya saya wa ɗansa kujerar. Wa, ƙane, sannan ɗan ɗan'uwa: shekara 30 da wani abu kujerar ba ta fita daga zaure ɗaya ba.

Wannan ɗa shi ne Benedikt na 9, mutum ɗaya tilo a tarihi da ya hau kujerar Fafaroma sau uku. A 1044 Rumawa suka kore shi, suka naɗa Silbesta na 3. Ya dawo da dakarun gidansu a farkon 1045 ya ƙwace. Bayan 'yan makonni, a watan Mayu, ya sauka ya bar wa ubangidansa na baftisma, Yohanna Giratiyan, bayan an biya shi maƙudan kuɗi. Giratiyan, wanda ya zama Giregori na 6, mutum ne da ake yaba halinsa, kuma masu son gyara da yawa sun yi murna da hawansa. Sai dai ciniki ciniki ne, ko da niyyar ceto aka yi shi.

Babu abin mamaki a wannan ƙarshe. Abin da mutum ya gada daga baffanninsa, wanda ubansa ya biya kuɗi ya tabbatar masa, me zai hana shi sayarwa? Benedikt na 9 bai kauce wa tunanin gidansu ba, ya dai bi shi ne har inda ya tuƙe.

Da aka wayi gari mutum uku kowa na cewa shi ne Fafaroma, Henri na 3 na Jamus ya sauko ya tara majalisa a Sutri a watan Disambar 1046. Aka kawar da duka ukun, ya naɗa Bajamushe, Kilement na 2. Da wannan ya rasu a 1047, Benedikt ya sake dawowa, sai a 1048 aka fitar da shi fitar da ba dawowa.

Abin da ya yi magani

Henri ya naɗa Jamusawa huɗu a jere, cikinsu har da Leo na 9, kuma sun yi aiki. Amma masu neman gyara a cikin Coci, irin su Hildebrand, wanda ya raka Giregori na 6 gudun hijira Jamus, sun fahimci darasin Alberik: sarki nagari ma mutuwa yake yi. Hasashensu ya tabbata. Henri ya rasu a 1056 ya bar yaro ƙarami, kuma a 1058 gidan Tuskulum da abokansa suka sake ɗora nasu, Benedikt na 10. A wannan karon kadinal-kadinal suka ƙi. Suka fice daga Rum suka zaɓi Nikolas na 2, wanda a watan Afrilun 1059 ya kafa dokar da ta sa zaɓen Fafaroma a hannun manyan kadinal, ta bar wa sauran limamai da jama'a amincewa kawai. A 1179 aka ƙara cewa sai wanda ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A 1274, bayan wani zaɓe a Viterbo da ya ci kusan shekara uku, aka kafa dokar kulle masu zaɓe har sai sun fitar da mutum.

Wani zai ce ai manyan gidaje ba su saki ba. Gaskiya ne. Orsini da Colonna sun yi ƙarnuka suna fafatawa, Borgia da Medici sun zo daga baya, kuma al'adar Fafaroma ya naɗa ɗan ɗan'uwansa kadinal ta yi ƙarfi har kalmar da Turawa ke kiran son kai na dangi da ita daga nan ta samo asali. Sai a 1692 Innosent na 12 ya taka mata birki. Amma akwai bambanci babba. Bayan 1059, mai kuɗi yana iya zawarcin masu zaɓe, yana iya sayen wasu, sai dai dole ya bi ta kansu, dole ya haɗa ƙuri'u, kuma abokan hamayyarsa na zaune a ɗakin. Babu uban da ya sake tara manyan gari ya rantsar da su a kan ɗansa. Doka ba ta kashe kwaɗayi ba, ta dai sa masa linzami. Garin Tuskulum kansa Rumawa suka rushe shi a 1191, yau kufai ne.

Wannan cuta ba ta addini ɗaya ba ce. A daidai lokacin da Alberik ke naɗa Fafaroma a Rum, a 945 gidan Buwaihi suka shiga Bagadaza, suka tsige Halifa Mustakfi, suka makantar da shi, suka ɗora Muɗi'u, suka bar wa Abbasiyawa huɗuba da suna, su kuma suka riƙe takobi da baitulmali fiye da shekara 100. Birane biyu, addinai biyu, zamani ɗaya, labari kusan ɗaya. Duk inda kujerar addini ta tara dukiya ba ta tara dokar kare kanta ba, wani gida zai zo ya ce shi ne mai gadinta, daga gadi ya koma mai ita.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu karanta labarin Maroziya da jikokinta mu yi tsaki mu wuce, kamar na wasu mutanen banza ne a wata duniya. A cikinsu akwai masu hankali, akwai jarumai, akwai masu gina wuraren ibada. Abin da suka rasa shi ne yarda cewa akwai abin da ba nasu ba, ko da su suka tsare shi, ko da kuɗinsu ya gina shi. Duk wanda yake cikin kwamitin masallaci, ko majalisar coci, ko ƙungiyar addini, ko makarantar da jama'a suka gina da gumin goshinsu, ya tambayi kansa tun shugaban na yanzu yana da rai da lafiya: su wa za su zaɓi magajinsa, da wace ƙa'ida, kuma a rubuce take? Idan amsar ita ce "ai Baba zai faɗa", to a tuna da Alberik. Shi ma mutumin kirki ne, kuma shi ma ya faɗa. Cocin Katolika sai da ta yi shekara 105 bayan rantsuwar 954 kafin ta rubuta dokarta. Mu rubuta tamu tun ba mu kai ga Sutri ba.